Ƙishin Katako

Asabar ta farkon wata,
kafin Uwani ta dawo daga cefane,
nakan sauke tukwane, in kawar da gwangwanin gishiri,
in bar katakon kicin tsirara
kamar bayan mai jiran ƙahon wanzami.

Madaci ne.
Tanimu kafinta ya yanko shi a Panteka
shekarar da masaƙa ta sallame mu.
Da igiya ya auna bango, ya ƙulla, ya sake ƙullawa,
ya ce, "Malam Shekarau, riƙe wannan:
itace ko ya mutu yana jin ƙishi.
In ka shayar da shi, shi zai ga bayanka."

Shekara goma sha tara ina ɗura wa inji mai a Kakuri.
Ƙarfe kuka yake in ya bushe,
har maƙwabta su ji.
Katako ba ya kuka.
Fari yake yi a hankali, kamar leɓen mai azumi,
wanda bai duba ba sai ya ga tsaga.

Rabin lemon tsami, gishiri cikin tafin hannu,
in murza inda albasa ta kwana,
inda bandar kifi ta bar sallahu.
Ba a yi masa wanka.
Ruwa in ya samu wurin zama, baƙi yake haifa,
ga shaida nan a gindin famfo.
Sai in jira ya sha iska.
Jiran nan shi ne rabin aikin,
kuma ni yanzu ina da shi buhu-buhu.

Sanfefa mai laushi, a bi jijiya.
Ba a gitta wa itace hanya;
yadda ya tsaya a daji, haka yake son a shafe shi.

Da fari man gyaɗa na zuba.
Ya yi gafi, kicin ya yi wata guda yana warin tsohon ƙuli.
Uwani ba ta ce uffan ba,
taga kawai ta buɗe, ta bar ni da kunyata.
Yanzu man kaɗe ne, in narka shi da kakin zuma
da Saratu ke kawo mana daga Kaciya cikin kwalba.
Tsumman kuwa ƙyallen atamfa ne,
irin wadda muka buga da hannunmu.

Kaɗan-kaɗan.
Ya sha, in ƙara. Ya sha, in ƙara.
Ja ya taso daga ciki
kamar shayin da ya ji wuta.
In ya ƙoshi sai ya bar saura a sama,
in share, don mai in ya yi yawa danƙo yake zama.

Jiya Nafi'u ya zo daga Abuja da hoto a waya:
dutse mai sheƙi, ba mai, ba sanfefa,
"Baba, kwana biyu an gama, ku huta."
Ya ɗora yatsa kan baƙin zoben nan na gefe,
ya ce, "Dubi ma yadda ya ƙone."

Na duba.
Gindin tukunya ne, an dire ta da zafinta
ran da aka ƙwanƙwasa ƙofa aka ce
keke ya kaɗe yaronku a bakin layin dogo.
Uwarsa ta fita ba mayafi.
Tabon yana nan a haɓarsa, gemu ya rufe.

Duk wata sanfefa takan iso bakin zoben
sai hannuna ya kewaye.
Mai kawai nake ba shi.

Ban faɗa masa ba.
Na miƙa masa tsumma, na ce, "Kama can,
bi jijiya."
Ya naɗe hannun riga yana dariya.
Hadari na haɗuwa ta wajen Nasarawa,
katako kuwa na ta sha.